Tambaya: Cire kashi 25 na fansho bayan ƙaura daga Legas zuwa Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu aiki a harkar fansho. Mutum ne mai shekara 47, kamfani ya sallame shi a Legas, ya kwaso iyali ya dawo Kano zai buɗe shago. Jarinsa yana cikin asusun fanshonsa. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai 50 ba damar cire kashi 25 cikin ɗari idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba, kuma watannin sun cika.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekarar haihuwa. Ta jikin NIN ta saɓa da wadda ke rajistar fansho, don haka sabunta bayanansa ya ƙi wucewa, kuma sai an sabunta za a karɓi buƙatar. BVN ta yi daidai da NIN. Ga kuma wasu watanni da aka yanke masa kashi 8 daga albashi amma kuɗin ba su shiga asusun ba, balle kashi 10 na kamfanin.

To wanne za a fara gyarawa, rajistar fansho ko NIN? Takardar rantsuwa daga kotu ta isa, ko sai da takardar Hukumar Ƙidaya? Reshen Kano na kamfanin da ke kula da fanshonsa zai iya kammala komai, ko dole sai ya koma Legas? Sannan a jira kuɗin da suka maƙale, ko a cire yanzu a kai ƙara hukumar fansho ta ƙasa (PenCom) daga baya? Kuɗin hayar shagon ba ya jira. Allah Ya saka da alheri.