Wai DMA kwalliya ce?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Jama'a, raina a ɓace yake. 'Yar kwamfutar da muke ajiye bayanan ƙungiyar manomanmu a kai mai furosesar Allwinner A20 ce, da sola take aiki. A kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, direban (manhajar da ke sarrafa na'ura) da ke kulle bayanai da tsarin ɓoye sirri na AES furosesa yake sa wa ta zuba wa injin kullewar bayanan da kanta, ta kuma kwashe. Na gyara shi na sa masa DMA, wato hanyar jigilar bayanai ba ta hannun furosesa ba, yanzu jigilar daga RAM take tafiya kai tsaye, furosesa ta samu sararin yin wani aikin. Na nuna wa wani babba a harkar, wai kwalliya ce.

Na Gaya: Wa alaikumus salam. Gyara kuma? Lalacewa ya yi? Ƙari ka yi, ƙanena. Waɗanda suka rubuta shi ba yara ba ne.

Ɗan Ringim: Yaya, abin da ke cinye ƙarfin furosesa ai gyara yake buƙata.

Bakazaure: Wallahi gyara ne. Da ɗan birni ne ya yi, da tuni kun fara tafi.

Na Gaya: Ni ɗan birni ne? Daga Gaya nake magana.

Anti Injiniya: Ku tsaya. Ɗan Ringim, ka auna? DMA ba kyauta ba ce. Kafin kowace jigila sai an yi dma_map_sg don shirya wa DMA wurin da bayanan suke, an share kash (ƙaramar ma'ajiyar furosesa), an saita tashar DMA, sannan a jira injin ya sanar ya gama. Shi kuwa dm-crypt, mai kulle bayanan faifai a Linux, in ba ka canza ba, bayit 512 yake kullewa a kowane yanki. A kan ɗan guntu irin wannan shirin zai iya cin lokacin da ya fi aikin. Kuma tun kanel 4.9 a 2016 aka kawo VMAP_STACK, wanda ya canza yadda ake ware stak (wurin ajiyar wucin gadi na aikin da ke gudana), don haka kada ka miƙa wa DMA abin da ke kan stak.

Ɗan Ringim: Anti, ban ɗauki lamba ba, amma na ga batirin yana kai wa asuba.

Na Gaya: Sanyi ake yi, kowane batiri yana kai wa. Kun ji mai gyara.

Bakazaure: Kai da ka sayar mini da batirin da bai shekara ba, kai ne za ka yi maganar batiri?

Na Gaya: Kai ka jona masa firij. Ka faɗi wannan ma.

Bakazaure: A kawo rasit a gani.

Anti Injiniya: Don Allah wani ya gwada cryptsetup benchmark, mai auna saurin kullewa, da facin Ɗan Ringim da kuma babu shi.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, yaronmu na Jigawa ya yi gyara, kuma jama'a sun gamsu. Anti ta kawo wasu ƙananan shawarwari, zai duba in ya samu lokaci. Na Gaya bai kawo hujja ko ɗaya ba. Maganar batiri ku je ku ƙarasa ta ranar kasuwa. Na rufe.