Wace kalma za mu ba "streaming" da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman shawararku. Jiya Gwaggo ta miƙo min wayarta ta ce, "Ɗan nan, fim ɗin da na kalla da daddare ya ɓace." Na duba, data ce ta ƙare. Na so in fahimtar da ita cewa dama fim ɗin bai taɓa zama a cikin wayar ba, sai na rasa kalma ɗaya da zan faɗa mata ta "streaming", wato kallon bidiyo ta intanet ba tare da an sauke shi a waya ba. Abin ya tsaya min a rai.

2/ Zamanin talabijin bai ba mu wannan wahalar ba. Tun da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977, kalmomin suka zauna daram. Tasha tana watsa shiri, ana haska fim, mu kuma mu zauna mu jira lokaci. Har Arewa24 ta zo a 2014 ba mu nemi sabuwar kalma ba.

3/ Da waya ta zo ma mun yi ƙoƙari: ana ɗora bidiyo, ana sauke shi, mai shago ya tura maka a memori. Duk sun shiga bakin mutane.

4/ Wasu na rubuta "kallon kai tsaye". Ban yarda ba. Kai tsaye na abin da ke faruwa yanzu ne, kamar tafsirin azumi ko wasan ƙwallo. Wanda ya buɗe Izzar So a YouTube bayan wata uku da ɗora shi ba kai tsaye yake kallo ba, amma ai wannan abin da muke nema wa suna yake yi. "Watsawa" kuma aikin tasha ne, ta yafa wa kowa abu ɗaya a lokaci ɗaya. A Netflix ko Northflix kai ne ke zaɓa, ka tsayar, ka koma baya.

5/ Ga yadda abin yake aiki. Bidiyon na zuwa ne gutsure-gutsure, wayar ta tara na 'yan daƙiƙu a gaba, ta nuna maka, ta zubar, ta karɓi na gaba. In sabis ya yi rauni abin da ta tara ya ƙare, shi ne za ka ga da'irar nan tana ta juyawa. Saukewa kamar cika randa ne, ko an ɗauke ruwa kana da naka. Wannan kuwa tara hannu ne a bakin famfo.

6/ Shi ya sa na tsaya a kan "kallon kwarara". Na yi tunanin "gudana", sai na ga gudanarwa ta riga ta zama ta ofis da mulki. "Kwararo" kaɗai kuma a rubuce za a ɗauka lungu ake nufi.

7/ Na gwada a bakina: "Kallon kwarara ya fi cin data." "Ba saukewa na yi ba, kwarara na kalla." Ga mai sauraron karatu ko waƙa, sauraron kwarara. Na koma wurin Gwaggo da misalin famfon, ta ce, "To, ashe wucewa yake yi."

8/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka taso da Télé Sahel, gidan talabijin na ƙasar Nijar, me kuke ce wa "streaming" a can? In akwai wadda ta riga ta kama baki, a kawo ta mu auna su tare.