Injin numfashi ne ya taɓa huhun Baba, ko me?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Baba yau kwana uku da aikin ciki, jiya da daddare zazzaɓi ya rufe shi, yana ta tari amma kaki ya ƙi fitowa, yanzu haka roban oksijin ne a hancinsa, dokta ya ce ƙasan huhunsa na dama ya manne. Ni wallahi injin nan da suka jona masa a ɗakin tiyata nake zargi, mutumin da ya shiga asibiti da ƙafarsa ko mura ba ya yi.

Kawu na Asawase: Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni tun farko na so a yi masa allurar baya. Inji ya yi awa huɗu yana hura mutum kamar balan-balan, ai dole ya bar masa wani abu.

Anti mai allurar barci: Amin. Kawu, aikin Baba a saman ciki ne kuma dogo, allurar baya kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Mannewar nan kuma kusan mutum 9 cikin 10 da aka sa barci gaba ɗaya tana samunsu, tun mintunan farko, saboda mutum yana rigingine, tsokar numfashi ta saki, kayan ciki sun danno huhu. Amma ba zan wanke saitin inji ba, yana da nasa hannun. A da mil (mililita) 10 zuwa 12 na iska ake hurawa kan kowane kilo na nauyin mutum. A 2013 an gwada mutum 400 masu babban aikin ciki a Faransa, rabi aka ba su mil 6 zuwa 8, ana bar musu ragowar iska a huhu bayan kowane numfashi kada ya rufe, ana kuma buɗe shi duk minti 30. Waɗanda suka samu babbar matsala cikin mako guda kashi 10.5 ne, a ɗaya ɓangaren da aka yi wa saitin da kuwa kashi 27.5.

Ɗan Aboabo: To kin gani Anti, maganata kenan.

Ƙaninku na KNUST: Yaya dakata tukuna. Anti ki yi haƙuri in sa baki, a 2020 an sake gwadawa a Ostireliya da mutum sama da 1,200, mil 6 da mil 10, kuma ba a ga bambanci a matsalar huhu ba, kashi 38 da 39. A 2014 ma an ƙara ragowar iskar nan sosai a gwajin mutum 900, huhu bai ƙaru da komai ba sai awon jini (BP) da ya riƙa sauka ana cikin tiyata. Ni ina ganin an cika zuzuta saitin nan.

Anti mai allurar barci: Karatunka daidai ne ɗana, amma sake duba su. A Ostireliya ɓangarorin biyu duk an bar musu ragowar iska, a Faransa ɗaya ɓangaren ba a bar musu ko kaɗan ba. Wato in saitin ya kai gwargwado, ƙari ba ya sayo komai, amma mugun saiti yana cutarwa. Abin da ya fi damuna kullum shi ne awo, huhu tsayin mutum yake bi ba ƙibarsa ba. Hajiya gajeriya mai santimita 155 da kilo 100, huhunta na mai kilo 48 ne, in ka lissafa da abin da sikeli ya nuna ka ɗura mata ninki biyu. Shi ya sa ni ba na sa kowa barci ban san tsayinsa ba.

Kawu na Asawase: To na Baba fa, wanne aka yi masa?

Anti mai allurar barci: Yana cikin takardar da aka cike lokacin aikin, Ɗan Aboabo ka roƙi dokta cikin ladabi ya yi maka bayani. Amma kar mu manta shekarun Baba, da tabar da ya daɗe yana sha, da yankan da ke hana shi jan numfashi ya cika ƙirji. Yanzu yana kwance ne ko zaune?

Ɗan Aboabo: Kwance, tun jiya. In ya yi tari sai ya damƙe ƙarfen gado, hawaye na zuba.

Anti mai allurar barci: To maza gaya wa nos zafin ya hana shi tari, a duba maganinsa. In sun yarda ku ɗaga kan gadon, ku ba shi matashi ya rungume a kan ɗinkin sannan ya yi tarin. Ina sauka aiki ƙarfe biyu, zan hau trotro in zo.