Farankofon: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya kalma ɗaya ta tsaya mini a rai. 'Yar yayana da ke karatu a Ƙauyen Faransanci na Badagry ta zo hutu nan Agege, tana ba mu labari cewa Kinshasa ce birnin farankofon mafi yawan jama'a, har ta ɗara Paris. Yaya ya ce, "To faɗa mini da Hausa." Ta yi shiru, ya juyo kaina, ni ma na rasa ta cewa.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne wanda gidajen rediyo suka saba mana: rainon Faransa. Ga Nijar da Chadi da Benin za a gane nufi. Amma Kongo, wadda Kinshasa ce babban birninta, ba Faransa ce ta mulke ta ba, Beljiyam ce, har zuwa 1960. Jeniba ta Suwizalan kuwa Faransanci take yi, ba kuma wanda zai ce goyon Faransa ce. Ni kalmar rainon ma ba ta kwanta mini ba. Raino aikin uwa ne. Duk wanda ya san abin da rundunar sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta yi wa Birnin Ƙonni a 1899 ba zai kira mulkin mallaka da wannan suna ba.

Wani ɗan'uwa ya kawo "birni mai magana da Faransanci". Malam, na gode, amma su wa ke maganar, kuma a ina? A kasuwannin Kinshasa Lingala ake yi. A Dakar, Wolof. A Njamena, Larabcin Chadi. A Yamai, Zabarmanci da Hausa. Masu tsallaka Seme zuwa Kwatano sun san yaren Fon ke cika kasuwar Dantokpa. Mai shayin layinmu, mutumin Tawa, da na tambaye shi cewa ya yi, "Malam, can aka haife ni, amma Faransancina bai wuce na gaisuwa da jandarma da lissafin sefa ba."

Mu dubi inda muke zaune ma. Kwandastan danfo a Oshodi da Yarbanci yake kiran fasinja, ciniki a Balogun da Turancin buroka, tumatir da albasa a Mile 12 da Hausa. Amma takardar haya, sammacin kotu da jarrabawar yara duk da Turanci suke. Wanda ya kira Legas birnin Turanci bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa.

Ga abin da na tsaya a kai. Bahaushe ba ya tambayar baƙo ko yana magana da Hausa, cewa yake yi, "Kana jin Hausa?" Ji ya haɗa wanda ya ƙware da wanda ke ji kaɗan-kaɗan. Don haka farankofon, mutum ne ko birni, mu ce mai jin Faransanci, jam'i masu jin Faransanci.

Idan kuma ana son bambancewa, sai mu raba biyu: Faransancin takarda da Faransancin baka. Na takarda shi ne na ofis, makaranta, kotu da allon hanya. Na baka shi ne wanda ake faɗa da shi, ake zawarci da shi, uwa ke tsawata wa ɗanta da shi. Abijan da Librebil ta Gabon suna da duka biyun, domin akwai yara da dama da suka buɗe baki da shi, har matasan Abijan sun ƙera nasu salon mai suna Nouchi. Dakar kuwa na takardar ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Wata 'yar'uwa ta ce a bi jerin ƙungiyar ƙasashe masu jin Faransanci kawai, a huta. Hajiya, wannan ma'aunin siyasa ne. A Yamai aka kafa tushen ƙungiyar ranar 20 ga Maris 1970, zamanin shugaban ƙasa Diori Hamani, ga shi Nijar ta fice a 2025. A shekarar ce kuma ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ficewar ba ta goge shi daga bakin ma'aikatan Yamai ba. Aljeriya ba ta cikin ƙungiyar, amma masu jin Faransanci a babban birninta ba sa ƙirguwa.

Na koma wurin Yaya na ce masa, "Kinshasa ta fi Paris mutane, takardarta Faransanci ce, bakinta kuma Lingala ya fi yawa." Ya ce yanzu ya gane.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke nan Legas, ku kuka fi mu kusa da abin. Idan akwai sunan da ake kira a gida wanda ya fi "mai jin Faransanci" zama a baki, ku kawo shi.