Ina sukarin da liken yake haɗawa yake tafiya?

Ɗalibar Terminale D, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum malamai. A darasin SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, an koya mana cewa liken, wato ɓawon nan mai launin toka ko ruwan ɗorawa da yake manne wa duwatsu da jikin itatuwa, halittu biyu ne suke zaune a jiki ɗaya: funfuna, da kuma wata gansakuka ƴar mitsitsiya wadda ita ce take haɗa sukari da hasken rana. An kuma ce funfunar tana karɓe kaso mai yawa na sukarin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan har abinci yana samuwa haka, me ya sa wasu ire-irensa ba sa ƙara ko milimita 1 a shekara? Ina sukarin yake tafiya, kuma waɗanne anzim ne, wato sinadaran da suke hanzarta ayyuka a jikin halitta, suke sarrafa shi?

Malamin SVT mai ritaya:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya yi miki albarka. Tun a 1867 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya ce liken halittu biyu ne, amma sai a shekarun 1960 David Smith da abokan aikinsa a Oxford ta Ingila suka bi sawun sukarin ta hanyar amfani da karbon 14, wani nau'in karbon da na'ura take iya ganowa, suka ga inda yake bi.

Aikin yana farawa ne a cikin gansakukar, inda anzim ɗin rubisko yake kama iskar CO2 kamar yadda yake yi a ganyen kowane tsiro. Bambancin yana zuwa ne bayan haka. Gansakukar Trebouxia, wadda ta fi yawa a cikin liken, ba ta fitar da sukari irin wanda muka sani, wani dangin sukari mai suna ribitol take fitarwa. Trentepohlia kuwa eritritol take bayarwa, sa'annan liken ɗin da abokiyar zamansa siyanobakteriya ce, wato bakteriya mai haɗa abinci da hasken rana, kamar Nostoc, gulukoz yake samu. Da zarar abin ya shiga zaren funfunar, anzim ɗin da ake kira dehidrojenaz suna juya shi ba tare da ɓata lokaci ba, har ya zama manitol ko arabitol, waɗanda gansakukar ba ta iya amfani da su. A ganina wannan shi ne matakin da ya fi cancanta ki riƙe. Kamar yadda ruwan gulbi ba ya bin tudu sai gangare, haka ribitol yake kwarara zuwa inda ya yi ƙaranci, kuma tunda funfunar tana canza shi nan take, ɓangarenta kullum a ƙasa yake, saboda haka kwararar ba ta tsayawa kuma ba ta komawa baya. An lura cewa idan aka ware gansakukar aka rene ta ita kaɗai, ba a daɗewa sai ta kusan daina fitar da ribitol ɗin.

Ɗalibin ilimin halittu, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Malam ya warware rabin tambayar, ina neman izini in ƙara a kan sauran rabin. Manitol da arabitol ɗin nan ba duka ne ake gina jiki da su ba. Liken ba shi da saiwa, ba shi kuma da hanyar riƙe ruwa, saboda haka yana bushewa ƙarau duk lokacin da iska ta bushe, komai na cikinsa ya tsaya cik. Waɗannan sinadarai ne suke kare fatar ƙwayoyin halitta da su kansu anzim ɗin daga lalacewa a lokacin bushewar, shi ya sa ake tara su da yawa. Idan ruwa ya dawo, numfashinsa yakan yi sama na ɗan lokaci, wani ɓangare na ajiyar ya ƙone, wani kuma ya zurare da ruwan, sai an sake biyan wannan hasara kafin a yi maganar girma.

Ga kuma ƙarancin lokacin aiki. Idan ya jiƙe sharaf, ruwan yana toshe wa CO2 hanyar shiga. Idan ya bushe, rubisko ba ya aiki. Otto Lange na Jamus ya nuna cewa liken mai koriyar gansakuka yana iya farfaɗowa da laimar iska kaɗai, amma mai siyanobakteriya sai ruwa ya taɓa shi. A hamadar Namib, hazo mai laima da yake tasowa daga teku ne yake ba su ƴan sa'o'in safiya su yi aiki kafin rana ta take.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Madarunfa:
Bayanin wannan yaro ya yi daidai da abin da muke gani a daji. A yankinmu ruwan shekara bai wuce kimanin milimita 500 ba, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma iskar hunturu ba ta da laima, shi ya sa liken bai yawaita a nan kamar a ƙasashen kudu ba. Abin da muke da shi da yawa shi ne baƙin ɓawon da yake rufe ƙasa a saura, wanda galibinsa siyanobakteriya ne. Yana ɗaure yashi, yana hana iska kwashe shi, kuma idan kofaton dabbobi ya farfasa shi yakan daɗe bai koma yadda yake ba. Ina fatan ɗalibanmu za su riƙa fita su duba shi da idonsu bayan ruwan farko, lokacin da yake komawa kore.

Ɗalibar Terminale D, unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai, Baba da malamai. Sauran abu ɗaya: a jarrabawa, in rubuta cewa anzim ɗin funfunar suna cikin masu haɗa abinci da hasken rana?

Malamin SVT mai ritaya:
A'a ƴata, kada ki rubuta haka. Funfuna ba ta da kulorofil, wato koren sinadarin da yake kama hasken rana, ba ta kuma kama CO2 da hasken rana. Wannan aikin gansakuka ne ko siyanobakteriya. Ki rubuta cewa anzim ɗin funfunar suna sarrafa abin da aka riga aka haɗa, suna sa shi ci gaba da fitowa daga gansakukar, suna kuma mayar da shi manitol da arabitol, waɗanda suke kare jikin liken ɗin a lokacin bushewa.