Kwamfutar hannu don koyar da lissafi a aji ɗaya da biyu: ta ci kuɗinta?

Shugabar Makaranta, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina riƙe da ƙaramar firamare mai zaman kanta. Wani kamfani ya kawo mana tayin kwamfutocin hannu ashirin masu wasannin lissafi. Kuɗinsu ya kusa albashin malamai biyu na shekara, ban da sola. Jiya na zube wa wata 'yar aji biyu ƙwallayen dabino sha uku na ce ta cire biyar. Sau uku ta ƙirga, kowane karo amsa daban, tana kallon fuskata ko za ta gane wacce nake so. Na kwana da abin a raina. Na'ura za ta gyara wannan, ko malama zan ƙaro?

Malamin Lissafi, Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Wasu sun riga mu gwadawa. A Peru an raba wa yara kwamfuta, aka bibiyi makarantun karkara 319, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna lissafinsu bai motsa ba bayan wata 15. A Vadodara ta Indiya kuwa, 'yan aji huɗu na yin awa biyu a mako kan wasannin lissafi na kwamfuta da ke tafiya daidai da matakin kowane yaro, makinsu ya tashi sosai. Sai dai shekara guda bayan an daina, yawancin ribar ta zube. Kowane yaro ya ci kimanin dala 15 a shekara, alhali ɗaukar 'yan matan unguwa su koyar da yaran da aka bari a baya bai kai dala uku ba, kuma shi ma ya yi tasiri.

Maman Tagwaye:
Yaya, ki tambaye su da wane harshe na'urar take magana. Manhajar koyar da yara ta ƙungiyar onebillion da ta yi amfani a Malawi da Chichewa take yi wa yaran bayani. Ta gidanmu Turanci zalla ce. Hassan ɗina ya haddace inda zai danna taurari su fito, amma da na aike shi siyo maggi ya kasa gane canji.

Mai Gyaran Waya:
Ranki ya daɗe, ki sa kuɗin batir da fasasshen gilashi a lissafinki. Zafin watan Afrilu kumbura batir yake yi.

Shugabar Makaranta, Zariya:
Na gode, Allah ya saka. Zan nemi su ba ni aron biyar na zango ɗaya, in gwada yaran da ƙwallayen dabino kafin a fara da kuma bayan an gama. In sun ƙi, malama zan ɗauka.