Taƙaitawa: Wa zai lashe manyan tseren keke na yini ɗaya?

Ga abin da na tsinto daga muhawararmu kan wanda zai lashe kowanne daga cikin manyan tsere biyar na Turai da ake kira Monuments (Il Lombardia, Liège-Bastogne-Liège, Paris-Roubaix, Milan-San Remo da Tour of Flanders), bisa sakamakon da aka samu zuwa ƙarshen 2025:

1. Kan Il Lombardia babu gardama. Tadej Pogačar, ɗan tseren keke daga Slovenia, ya ci sau biyar a jere, 2021 zuwa 2025. A Liège ma yawanci shi suka ba, kodayake wasu sun tuna cewa Remco Evenepoel, ɗan Beljiyam, ya ci 2022 da 2023.

2. Paris-Roubaix ce ta raba kawuna. Ɓangare ɗaya sun ce hanyarta mai daɓen duwatsu sai mai ƙirar jiki irin Mathieu van der Poel, ɗan Holan, wanda ya ci sau uku a jere tun 2023. Ɗaya ɓangaren suka ce ai Pogačar zuwansa na farko ya zo na biyu, duk da faɗuwa a wata kwanar hanya. Ni dai ina tare da na farkon.

3. Milan-San Remo: kusan kilomita 300, amma hawan Poggio, tudun ƙarshe a tseren, gajere ne, ba ya isa a yar da masu gudun ƙarshe. Shawarar da ta fi yawa: a ƙara gudu don tsere wa saura tun daga Cipressa, tudun da ake hawa kafin Poggio.

4. Flanders tsakanin Pogačar da Van der Poel take.

5. An tunatar cewa mutum uku kacal suka taɓa lashe duka tseren biyar: Van Looy, Merckx da De Vlaeminck, dukkansu 'yan Beljiyam.